Sunan Da Ban Kira Ba

Perere, 9 ga Maris, 2008

Zuwa ga 'yar Bona,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki. Yaya aikin asibiti, yaya kuma sanyin ƙasar taku? Yayata Bona ta gaya mini halin da kike ciki, Allah Ya raba lafiya. Mu nan kalau muke, sai zafi, sai kuma gwiwar nan tawa da ta mai da ni kamar mai bin bayan jana'iza.

Wasiƙarki ta iso ranar Talata. Layi tara ce, har da gaisuwar. Kin ce kina neman takardar zama 'yar ƙasar Faransa, kuma an ba ki dama ki sauke suna ɗaya daga cikin sunayenki. Za ki riƙe Salamatu, ki zubar da na farkon. Kina so in je ofishin magajin gari in karɓo miki cikakken kwafin takardar haihuwarki, in aiko kafin ƙarshen watan Yuni. Dalilinki wai a Faransanci sunan yana nufin naushi, marasa lafiya suna karanta shi a ƙirjin rigarki suna dariya, har wani tsoho ya roƙe ki kada ki ba shi sunanki a ido.

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da Faransanci, ba ke za ki gaya mini ma'anar kalmar ba. Haruffa huɗu ne: Gnon. Rubutawa nake yi, ba kira ba, kin san bambancin. Haka Bature ya ga dama ya rubuta abin da bakinmu ke cewa Nyon, sai ya zo daidai da wata kalma tasu ta 'yan tasha. Tasu daga sunan albasa aka gutsuro ta, saboda kumburin da naushi ke bari. Namu bai haɗa hanya da albasa ba. 'Yar fari ke nan, a duk ƙasar Borgu. Ba wanda ya zaɓa miki shi, ba a yanka rago a kansa ba, da shi kika faɗo duniya. Don wani tsoho marar haƙora ya yi dariya a gadon asibiti, shi ke nan sai ki kankare?

Ba ki sani ba, ina da wani gwangwanin biskit cike da 'yan katuna da nake yankawa daga kwalin sukari. Kowane kati suna ɗaya ne daga sunayenmu, a ƙarƙashinsa kuma abin da haruffan nan suke nufi a bakin wasu mutanen. Abokina Alhaji Tanimu mai goro, Bahaushen nan na bakin kasuwa, shi ya jawo mini wannan aikin. Shekara da shekaru yana ce mini Sani na biyu, don a wajensu Sani ɗa na biyu ne, daga Larabci suka aro. Ranar da na gaji na ce masa a wajenmu Sanni na biyar ne, sai ya ajiye goron hannunsa ya ce, "To ina huɗun?" Na nuna masa hanyar maƙabarta. Woru, Sabi, Bio, Boni, duk suna can, ni kaɗai na rage ina yawo da lissafinsu a sunana. Ya yi musu addu'a. Washegari ya koma ce mini na biyu, wai bakinsa ya riga ya saba.

Daga nan na fara tambayar duk baƙon da ya ratso. A Turancin kasuwa na ƙetaren iyaka, Sabi na nufin sanin abu, alhali marigayi Sabi ko hanyar gonarsa sai an nuna masa. Bio yana nan a jikin kwalbar zuma da aka kawo mini daga Kwatano, da mai sunan yana raye da ya ce tasa ce. Wani limamin coci ya ce mini Bona a Latin mai kirki ce. Na gaya mata, ta ce ai ba sai Latin ya faɗa ba.

Naki ma yana da katinsa. 'Yan'uwanmu na Najeriya suna rubuta shi Yon. Wata 'yar Japan da ta zo aikin sa-kai a asibitinmu ta ce a wajensu huɗu ke nan. Limamin cocin nan, mutumin Haiti ne, ya ce a nasu harshen ɗaya ne. Kin ga ke nan ba Bafaranshe kaɗai ke da baki a duniya ba.

Zan je ofishin in gwiwa ta bari. Ki yi tunani kafin nan.

Ki gaida maigidan. Allah Ya tsare.

Ƙanin Bona,
Sanni Tamu


Perere, 4 ga Mayu, 2008

Zuwa ga 'yar Bona,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki yana sauƙi, ƙafafun da aka ce suna kumbura sun saɓe. An yi mana ruwan farko shekaranjiya, masu doya sun fita.

Amsarki ta zo da wuri, wannan karon shafi uku. A gindin mangwaron tsakar gida na karanta ta bayan azahar. Ba wanda ya katse ni, don babu mai katsewar. Tun rasuwar matata Dado shekara huɗu da suka wuce, ni da kaji ne a gidan. Ƙannenki biyu suna kudu, sai Sallah nake jin muryarsu.

Kin ce ba darasi kika nema ba, takarda kika nema. Kin ce in riƙe katunana. Sannan kika rubuta abin da na karanta har sau biyar: "Shekara talatin da uku ban taɓa jin sunan nan a bakinka ba. Me zai ragu a wajenka in ya tafi? Ka tuna Ta Gaba?"

Na fara yin fushi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce yarinyar nan ta je ƙasar Turawa ta manta inda ta fito. Wane uba ne a garin nan yake kiran sunan 'yar farinsa? Ubana har ya mutu bai kira Woru ba, sai dai ya ce "wancan na gidan kawu". Na ɗauki biro in rubuta miki haka. Sai na ga kin san wannan duka, ba shi kike tambaya ba.

Kina da shekara uku Bona ta zo ta ɗauke ki, ranar kasuwa, da sabon zane na goyo. Haƙƙinta ne, 'yar farin ƙaninta tata ce. Ni tun safe na ɗauki fartanya na tafi gona don kada a ga fuskata. Da na dawo na tarar Dado ta daka sakwara mai yawa kamar ana biki, muka zauna mu biyu, ba wanda ya ci. Da ɗayanmu ya yi hawaye, da gari ya ɗauka cewa Sanni da matarsa sun yi wa Bona rowar 'ya. Tun daga ranar kika zama 'yar Bona a bakina, na kuma yi alfahari da cewa ban taɓa kuskurewa ba.

Shekarar 1986 aka mai da ni makarantar ƙauyen Bona, aka ba ni ajin ƙarshe. Yara sittin da ɗaya. Na buɗe rajista ranar farko ina kira suna amsawa, har na iso wajen haruffan ƙarshe, sai ga shi a gabana: Tamu, da haruffa huɗun nan. Kina benci na uku ta wajen taga, an yi miki kitso ƙanana, kin miƙe zaune kina jira. Na yi tari, na ce, "Ta gaba," na sa alama na wuce. Washegari ma haka. Shugaban makarantar, mutumin kudu ne, ya ce mini, "Malam, rajista ba ta san kunya ba," na ce masa ya bar abin da bai sani ba. A kasuwa tsofaffi suna yaba mini, wai boko bai ɓata Sanni ba. Haka na yi har shekara ta ƙare.

Abin da ya fi nauyi shi ne wannan. A wasiƙarki kin ce wataƙila ban san yara sun mai da shi sunanki ba. Na sani. Ina ji ta taga lokacin hutu, suna tafi suna rerawa, Ta Gaba, Ta Gaba, ke kuma kina tsaye jikin bango da ƙullin gyaɗarki. Da 'yar wani ce da na fita da bulala. Amma in na fita saboda ke, kowa zai ga abin da ke zuciyata, sai na ci gaba da goge allo. Ranar da kika zo ta ɗaya a duk gundumar, na miƙa miki littafin kyauta ina kallon tutar makaranta. Na ɗauka girmama ki nake yi. Wallahi haka na ɗauka.

Na ce miki Tanimu ne ya sa na fara tara katuna. Ba haka ba ne, akwai wanda ya riga zuwansa. Katin farko a gwangwanin nan ba kwalin sukari ba ne, bangon littafinki ne na shifta, inda kika rubuta sunanki da shuɗin biro kika zagaye shi da furanni. Ranar da aka tashi hutun ƙarshe na yanke shi da reza na sa a aljihu. Sauran duk na tara su ne don in sami dalilin buɗe gwangwanin.

Ban je ofishin ba tukuna. Ba gwiwa ba ce.

Ki kula da kanki, ki rage tsayuwa a wajen aiki.

Ƙanin Bona,
Sanni Tamu


Perere, 8 ga Yuni, 2008

Zuwa ga 'yar Bona,

Ina gaisuwa. Da fatan kuna lafiya ke da maigidan da abin da ake jira. Ban ga amsar wasiƙata ta baya ba, ban kuma yi mamaki ba.

Makon jiya na hau babur na je wajen Bona. Na je ne in sami mai tsaya mini, don na tabbata ita da ta goya ki ba za ta yarda a taɓa sunan ba. Na same ta tana yanka cukun Fulani a miya, ta tsufa ƙwarai, ido ɗaya ya tafi, amma bakin yana nan yadda kika san shi. Na karanta mata wasiƙarki ina juyawa da harshenmu. Da na zo wajen Ta Gaba sai ta ajiye wuƙar.

Ta ce kin taɓa dawowa daga makaranta kin tambaye ta ko wani laifi kika yi wa Malam tun kina jaririya. Ita kuma ta ce miki kunya ce, ki yi shiru. Na ce to ai gaskiya ta faɗa miki, haka iyayenmu suka yi. Sai ta juyo mini da idon nan mai gani.

"Iyayenmu sun taɓa tsayawa da rajista a hannu? Kunyar tsakar gida ka ɗauka ka kai cikin aji, Sanni. Kai kaɗai ne a duk dangin nan gwamnati ta ba ka takarda ta ce kira 'yarka kullum da safe, ba mai zarginka, har albashi ake ba ka a kai. Ka ƙi. Yanzu kuma ka zo kana mini kukan haruffa."

Na ce da ta gani tun lokacin me ya hana ta faɗa. Ta ce ita ma tana cikin masu yabon, shi ya sa abin yake cin ta. Ta zuba mini sakwara, muka ci kaɗan, ta ce in je in karɓo wa yarinya takardarta in daina riƙe ta da ƙarfin tsiya.

Ranar Laraba na je ofishin. Magatakardan, Zime, ɗalibina ne, ajinku ɗaya, wanda yake zama bayanki yana cin alli. Ya tashi ya ba ni kujera, ya ce takardar wa ake nema. Na rubuta a 'yar takarda na tura masa. Ya duba ya washe baki ya ce, "Ashe ta Ta Gaba ce." Sai ya ga fuskata. Mutum mai 'ya'ya huɗu, ya rasa inda zai sa idonsa, ya yi ta neman hatimin da ke gabansa. Ban ga laifinsa ba, ai a bakina ya koya.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je shagon Tanimu na ce ya ara mini wayarsa, ya kuma fita. Ya ce, "Shagona ne fa, na biyu." Na ce na sani. Ya dube ni, ya ɗauki buhun ganyen goro ya koma waje.

Na buga lambar da kika rubuta a bayan ambulan. Ba ke kika ɗauka ba, na'ura ce, amma muryarki ce a ciki: Salamatu ce, ba ta kusa, a bar saƙo. Muryar Dado ce sak, ban san haka kika koma ba. Na riƙe wayar har ta katse. Na sake bugawa. Wannan karon da aka yi ƙarar nan na miƙe tsaye, ban san dalili ba, na kira sunan. Na so ya fito a hankali, yadda uba zai kira 'yarsa, amma ban san yadda ake yin wannan ba. Da muryar aji ya fito, sunan gida a gaba, kamar yadda yake a rajista. Sai na tsaya ina jiran a amsa, kamar wawa, a tsakanin kwandunan goro, har na'urar ta yanke.

Da na fito Tanimu yana ta gyara ganyen da ba ya bukatar gyara. Ya ce, "Ta amsa?" Na ce ba ta nan. Ya ce, "Malam, ka yi lattin shekara ashirin da biyu, ai ɗalibai sun tashi." Ya ga ban yi dariya ba, sai ya ɓare goro ya ba ni rabi, muka zauna har la'asar.

Ga takardar nan a ciki, da hatiminta, an sa hannu. Ba ni da bakin hana ki. Wanda bai yi amfani da abu ba shekara talatin da uku, bai kamata ya yi ihu ranar da aka zo ɗauka ba. Ina jin zafinsa, shi ke nan abin da zan ce. Bangon littafin kuwa na riƙe, wannan nawa ne.

Allah Ya sauke ki lafiya.

Ƙanin Bona,
Sanni Tamu


Perere, 12 ga Oktoba, 2008

Gnon,

Ina gaishe ki, ina yi miki barka da sauka lafiya. Yaya jikin, yaya ruwan nono, yaya baƙuwar? Ki gaida angon ƙarni. Mu nan an fara cin sabuwar doya, gwiwa kuma tana nan da halinta.

Wata huɗu ina zuwa gidan waya duk Talata. Mai raba wasiƙu har ya daina bari in ƙaraso, daga nesa yake kaɗa mini hannu. Wannan Talatar sai ya ɗaga ambulan sama.

Abu biyu na tarar a ciki. Na farko kwafin sabon katinki na 'yar ƙasa. Na sa tabarau na duba, na cire na goge na sake dubawa. Tamu, Salamatu. Babu ko gurbin inda yake a da, sun matso da sauran sun rufe wurin. Na san haka zai zo, ni na aiko da takardar da hannuna, amma duk da haka ranar ban iya cin abinci ba. Na sa shi a gwangwanin, bayan bangon littafinki.

Na biyu hoton jaririya cikin farin tawul, da goshin Dado, ta dunƙule hannu kamar mai shirin ba wani tsoho sunan uwarta a ido. A bayan hoton kin rubuta layi biyu: "An haife ta 2 ga Satumba, sunanta Ines. Saƙon yana nan, ban goge ba." Ba ki ce kin yafe ba, ban kuma nema ba. Layi na biyun ya ishe ni zuwa wani lokaci.

Na kai wa Bona hoton. Ta kawo shi kusa da idonta mai gani, ta daɗe, sannan ta miƙe da tsufanta ta taka rawa a tsakar gida tana cewa Gnon ta zo, Gnon ta zo. Na ce mata Ines aka sa. Ta ce su sa mata abin da suka ga dama a takarda, 'yar fari ce ko ba 'yar fari ba? Gaskiyarta ce. Wannan kuwa jikata ce, babu kunya tsakanina da ita. Ina iya tsayawa a tsakiyar kasuwa in kira ta, in ce mata matata, in ce mummuna ce, ba mai ɗaga ido. Tun ranar nake kiran sunan a gida ina watsa wa kaji dawa, don bakina ya saba, kada ya sake fitowa da muryar aji.

Na yi magana da Tanimu, ya yarda zai bar mini shagon ranar Lahadi ta ƙarshen wata, ƙarfe huɗu na yamma agogonmu. In kina gida ki ɗauka da kanki, ki sa wayar a tsakaninki da jaririyar. Zan kira sunan sau biyu. Na farko na mai tawul ne, ko kuka ta yi na karɓa a matsayin amsa. Na biyun ba nata ba ne. In mai shi ba ta so, kada ta tilasta wa kanta, zan ɗan jira in ajiye, in sake gwadawa wata Lahadin. Ita ta jira ni shekara guda a benci na uku.

Allah Ya raya, Ya albarkace ku duka.

Mahaifinki,
Sanni Tamu